Wa Ya Ƙirga Mai Karatu a Gude?

Kakanninmu ba su ɗauki ƙidaya da daɗi ba. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, babban abin da suka sa a gaba shi ne sanin yawan mutane da gonaki da dabbobi, domin a kan wannan lissafi ake yanka haraji da jangali. Dagaci ya ƙirga magidanta, hakimi ya tattara, malaman haraji su rubuta, a kai birni. Duk wanda aka rubuta sunansa ya san akwai abin da zai fita daga aljihunsa. Shi ya sa Bafulatani kan kora rabin garkensa daji in ya ji masu jangali na tafe, saurayi kuma a ce ai yaro ne, bai isa haraji ba. Haka aka yi ta fama a garuruwan yammacin Kano, su Gude da Garo da Getso, kamar sauran wurare, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979.

Yau wata ƙidayar ce ta zo, kuma wannan karon mu ne ke roƙon a saka mu a ciki. Duk wanda ke rubutu da Hausa a intanet, ko yake ɗora bidiyo, abin da yake fara dubawa da safe shi ne alƙaluma: mutum nawa suka shigo jiya, daga ina suka shigo, minti nawa suka yi. A kan waɗannan alƙaluma ake yanka masa kuɗin talla, in har akwai abin yankawa. Matasa da yawa na ɗaukar wannan lissafi a matsayin abin da ya zo tare da wayar shafa. Ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun 1939 ake neman sanin yawan masu karanta Hausa da kuma abin da kowannensu zai kawo, kuma kowane zamani ma'aunin da aka ɗauko yakan tsallake mutum iri ɗaya.

Kalmar talla ita kanta tamu ce tun kafin jarida. Yarinya ta ɗauki farantin ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa ta zaga unguwa, sankira ya bi lungu yana shelar saƙon sarki, mai magani ya shimfiɗa kayansa ranar kasuwa ya tara jama'a. Duk waɗannan ba su da matsalar ƙidaya, domin suna ganin masu saurarensu ido da ido, da yamma kuma ciniki ya faɗa musu gaskiya. Matsala ta taso ne ranar da mai kaya ya daina kiran mutane da bakinsa, ya koma biyan wani ya kira masa su. Daga nan dole ya tambaya: mutum nawa ka tara mini?

A ƙasashen Turai da Amurka wannan tambaya ta jawo ƙarya mai yawa, don kowace jarida ƙara gishiri take yi a yawan kwafin da take sayarwa. Sai masu ba da talla suka gaji, aka kafa hukumar binciken yawan kwafi a Amurka a 1914, Ingila ta bi sahu a 1931. Ma'aikatan hukumar su shiga littattafan jarida, su duba takardar da aka saya, kwafin da aka buga, da wanda aka dawo da shi bai sayu ba. Farashin talla kuma ya zama kuɗi kaza a kan kowane mutum dubu. Mu riƙe wannan dubun, don har yau shi ne mudun da ake awo da shi. A Najeriya kamfanin talla na farko, West African Publicity, ya fara aiki a 1928, daga baya ya zama Lintas, kuma hankalinsa na kan kayan kantunan Turawa da masu albashin da za su saye su.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a watan Janairun 1939, Rupert East na kula da ita, Abubakar Imam ne edita. Farashinta na cikin sunanta. Ba don neman kuɗin talla aka kafa ta ba: gwamnati ce ke son hanyar isar da labari da kashe jita-jita a daidai lokacin da yaƙin duniya na biyu ke ƙaratowa. Duk da haka sai an san kwafi nawa za a buga, kuma nan ne aka fara cin karo da halinmu. Masu iya karatun boko kaɗan ne a lokacin, amma masu son labari ba iyaka. Malamin makaranta ko magatakardan hakimi ya sayi kwafi ɗaya, bayan la'asar a shimfiɗa tabarma, ya karanta da ƙarfi, mutum goma ko ashirin na saurare, wani ya tsayar da shi ya ce a maimaita wurin da aka yi maganar Hitila. Gobe jaridar ta wuce wani zauren. Littafin maɗaba'a ya rubuta kwabo ɗaya, mai karatu ɗaya. Ga waɗanda ke karatun ajami kuma, waɗanda sun fi 'yan boko yawa, har sai da aka riƙa yi musu 'Yar Gaskiya a cikin rubutun da suka saba da shi.

Abin da ya nuna wa Imam girman jama'arsa shi ne wasiƙu. Shafin wasiƙun Gaskiya ya zama dandalin da malamai da ma'aikatan En'e da sojoji ke kawo kuka da shawara, kowa da sunansa da garinsu. Wasiƙa ba ta ba da adadi, amma tana ba da abin da adadi ba ya bayarwa: ta nuna wane ne ke karatu, me ya dame shi, kuma a wane lungu yake. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka kuma shiga Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, masu karatu sun ƙaru ƙwarai, amma tabarmar nan ba ta naɗe ba.

Rediyo ma da wasiƙa ya riƙa awo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Babu na'urar da za ta faɗi kunnuwa nawa ke kewaye da akwati ɗaya a teburin mai shayi, don haka buhunan wasiƙu da katunan gaisuwa su ne shaida. Wanda ya tashi da Zaɓi Sonka ya san yadda abin yake: mutum ya sayi kati, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokai, ya zauna jiran a ambace shi. A nan akwai abin lura. Mai sauraro da kansa yake biya don a ƙirga shi, kuma kuɗin katin na shiga gidan rediyo kai tsaye, ba tare da wani kamfanin sabulu ya shiga tsakani ba.

Jaridun Hausa da suka biyo baya, irin su Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph da gwamnatin Kano ta kafa a 1980, sun rayu ne bisa kafaɗar gwamnati fiye da talla. Manyan kamfanoni da ofisoshin tallarsu na Legas, kuma a ganinsu mai kuɗin sayen kaya Turanci yake karantawa. Ko jaridun Turancin ma ba su da alƙaluman da kowa ya yarda da su. Da ƙungiyar masu ba da talla ta Najeriya, ADVAN, ta fitar da bincike wajen 2010 cewa duk manyan jaridun ƙasar a haɗe ba sa sayar da kwafi 300,000 a rana, masu jaridu ba su ji daɗi ba sam. Kuma suna da hujja guda, wadda duk mai wucewa ta teburin mai jarida ya sani: masu karatu a tsaye, waɗanda ke ba da ɗan canji su karanta su mayar, sun fi masu saye yawa.

Adabin kasuwar Kano ya bi wata hanya dabam, kuma a ganinmu ita ce hanya mafi gaskiya da rubutun Hausa ya taɓa bi wajen kuɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta irin su Talatu Wada Ahmed, Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu ko na 'yan kasuwa. Ba wanda ya jira talla. Ma'aunin shi ne dila: in littafi na ɗaya ya ƙare ya dawo neman ƙari, to a shiga buga na biyu, in ya kwanta a shago, marubuci ya san matsayinsa. Sai dai nan ma kwafi ɗaya ba mutum ɗaya ba ne. Shagon haya zai sayi littafi ɗaya ya ba mutum hamsin, a cikin gida kuma ya zaga daga ɗakin amarya zuwa na uwargida zuwa maƙwabta har bangonsa ya cire. Gidajen rediyo suka zo suna karanta littattafan a iska, matan da ba su taɓa riƙe littafin ba suka haddace sunayen taurarinsa. Marubuciya na iya zama sananniya daga Gwarzo har Maraɗi, abin da ya shigo hannunta kuwa bai wuce kuɗin kwafi dubu kaɗan ba.

Da intanet ta zo sai aka ce an gama da wannan matsala, don yanzu na'ura ce ke ƙirga, kuma ba ta barci. Tallan farko irin na allo ya bayyana a shafin HotWired na Amurka a watan Oktoban 1994. A 2003 Google ya fito da AdSense, tsarin da ke ba kowane mai shafi damar ba da hayar gefen rubutunsa, a 2005 kuma ya saki Google Analytics kyauta, wanda ke nuna masa masu shigowa. Mu kuma wayar salula ta iso mana a 2001, kafin shekara goma sha biyar ta zama ita ce jaridarmu da rediyonmu da shagon hayarmu.

Yadda ƙidayar ke aiki ba wuya. Akwai ɗan umarni da ake dasawa a cikin shafi. Duk lokacin da waya ta buɗe shafin, umarnin zai aika saƙo cewa an buɗe, ya kuma ajiye wata 'yar alama a cikin burauzar wayar don ya gane ta in ta dawo. Daga nan ake samun adadi biyu da mutane ke yawan rikitawa: sau nawa aka buɗe shafi, da kuma na'ura nawa suka buɗe shi. Mutum ɗaya da ya karanta babi goma ya ba da buɗewa goma, amma maziyarci ɗaya ne. A cikin ƙiftawar idon da shafin ke buɗewa kuma ana yin gwanjo: masu talla na tayi a kan idon wannan mai karatu, wanda ya fi tsada tallarsa ta fito. Shekaru da yawa Google na ba mai shafi kashi 68 cikin ɗari na abin da aka biya. In aka tara kuɗin aka raba da yawan buɗewa, sai a sami abin da dubu ɗaya ke kawowa. Mudun 1914 ke nan ya dawo cikin sabuwar riga.

Lissafin kuwa kowa na iya yi a bayan takarda. Mu ɗauka marubuciya na samun buɗewa 30,000 a wata, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, mu kuma ɗauka dubu na kawo mata rabin dala. Dala 15 ke nan a wata. Google ba ya biya sai kuɗi sun kai dala 100, don haka sai ta yi wata bakwai kafin ta ga ko sisi, alhali kullum tana sayen data, kowace shekara tana biyan kuɗin suna da na masaukin shafi. Kafin nan ma akwai wani shinge: in kuɗin suka kai dala 10, kamfanin kan aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshi. Wanda ke zaune a unguwar da ba lambar gida, inda kwatance shi ne bayan masallacin Juma'a kusa da mai injin markaɗe, ya san abin da wannan ke nufi.

To ina mai karatun Gude a cikin wannan lissafi? Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kabo, inda Gude take, mutum sama da 150,000, ta ba Gwarzo sama da 180,000, yau kuma sun fi haka nesa. Amma da wuya mai shafi ya ga sunan ɗayan garuruwan nan a allon alƙalumansa. Na'urar na gane wuri ne ta lambar da kamfanin waya ya ba mai shigowa, lambar kuma sau da yawa tana nuna inda manyan na'urorin kamfanin suke, sai a rubuta mutumin Gude a Kano, ko Abuja, ko ma Legas. Shekaru da yawa mutanenmu sun dogara da Opera Mini saboda tana tsimin data, ita kuwa takan bi da shafi ta kwamfutocinta a ƙasashen waje ta matse shi kafin ta miƙo, tun 2016 ma tana da abin toshe talla a cikinta. Ga kuma waya ɗaya da miji da mata da ƙane ke karɓa-karɓa, wadda na'ura ke ɗauka mutum ɗaya ce.

Babbar ɓarakar ma ba nan take ba. Mutum ɗaya mai data ya buɗe labari, ya kwafe shi, ya zuba a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, daga can a tura wasu zaurukan. Bidiyo kuma a sauke shi sau ɗaya a shagon masu caji da turi, a riƙa zuba wa mutane a katin waya kan 'yan nairori, ko a tura ta Xender ba tare da an taɓa intanet ba. Tabarmar magatakarda ce ta dawo, sai dai yanzu ta fi faɗi. Akwai kuma lokacin da jama'a kan ɓace daga ƙidayar gaba ɗaya: a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Malumfashi da Funtuwa, waɗanda hanyar Gwarzo ke kaiwa gare su. A allon mai shafi abin da ya bayyana kawai shi ne layi ya yi ƙasa.

Ko da an ƙirga shi daidai, saura farashi. Gwanjon nan ba yawan mutane yake saye ba, aljihunsu yake saye. Kamfanin inshora a Amurka zai biya da tsada don mai karatu ɗaya a can, don in ya kama shi ya sami cinikin shekaru. Wa ke tayi a kan manomin da ke karatu da Hausa a Kabo? Dilan taki da mai shagon atamfa da mai maganin gargajiya, waɗanda su ne ke son kunnensa da gaske, ba ta Google suke talla ba. Suna zuwa Freedom Radio, wadda ta buɗe a Kano a 2003, da sauran gidajen rediyo, ko su ɗora lasifika a kan mota ranar kasuwa, ko su biya wani mai barkwanci a TikTok. Don haka buɗewa dubu daga nan ba ta kai darajar buɗewa dubu daga Landan ba, ko kusa.

Sai kuma maganar harshe, wadda ta fi ci mana rai. AdSense na da jerin harsunan da ya yarda a sa tallarsa a kansu. Harshen Latbiya, wanda masu shi ba su kai miliyan 2 ba, yana ciki. An shigar da Hindi a 2014, Bengali a 2017. Hausa kuwa, da gomman miliyoyin masu magana da ita, aka bar ta a waje shekara da shekaru, duk da cewa Google ɗin nan ya sa ta a manhajarsa ta fassara tun 2013, Facebook ma ya fito da Hausa a 2016. Wato an yarda mu yi hira da harshenmu a dandalinsu, ba a dai ga kasuwar da za a ci da shi ba. Sakamakon haka muna ganinsa. Wasu suka cika shafukansu da Turancin aro don a amince da su, sannan su saƙa Hausa a tsakani suna fargabar ranar da za a gane. Wasu suka haɗa zaurukan danna mini in danna maka, kamfanin ya gano, ya rufe asusun da kuɗin da ke ciki. Da yawa kuma suka fahimci cewa tunda dubu ba ta kawo komai, sai an tara dubu ɗari, hanya mafi sauri kuwa ita ce kanun labari mai tayar da hankali: mutuwar jarumin da ke raye, sakin auren da ba a yi ba, hoton 'yar mutane da aka ɗauko ba izini. Ma'auni ne ya koya musu, domin yana ƙirga dannawa, ba ya tambayar ko wanda ya danna ya fita yana tsaki.

Bidiyo ya sami ƙofar da rubutu bai samu ba. YouTube na raba kuɗin talla da masu tasha, tun 2018 kuma sharaɗin shiga cikakken tsarin shi ne mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara. Masu fim na Kano, da satar fasaha ta kashe musu kasuwar faifai, suka koma can da shirye-shirye masu dogon zango, irin su Izzar So da ya fara a 2020 a tashar Bakori TV. Su ma sun san ba duk kallo ne ɗaya ba, na Bahaushen da ke Saudiyya ko Ingila ya fi na gida tsoka. Kuma in muka lura, ba su dogara da gwanjon kaɗai ba: a tsakiyar shiri sai a tsaya a tallata shagon kayan ɗaki ko makaranta ko maganin basir, wanda mai shi ya zo da ƙafarsa ya biya. Wannan ciniki ne irin na sankira, an san juna, an yi magana baki da baki.

Marubutan labari, akasarinsu mata, ba su tsaya jiran jerin Google ba. Wasu sun gwada Wattpad don tara masoya, wasu OkadaBooks har zuwa rufe shi a ƙarshen 2023, amma kasuwar ta fi zama a WhatsApp. A saki shafukan farko kyauta, in labari ya kai inda ba a iya haƙuri sai a ce daga nan na kuɗi ne. Mai so ta tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki, wadda ba ta da asusu ta aiko da lambar katin waya, a jefa ta a zauren waɗanda suka biya. Marubuciyar na da sunan kowa da lambarsa, ta san wadda ke Gwarzo da wadda ke Yamai da wadda ke Jidda, abin da Google Analytics bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mutum ɗari uku da suka biya naira ɗari biyar-biyar sun ba ta naira 150,000 a kan littafi ɗaya, ba tare da ta jira wasiƙa daga gidan waya ba.

Abin da ba ta iya hanawa shi ne fita. A cikin ɗari ukun nan akwai wadda za ta tura wa ƙanwarta, ƙanwar ta tura wa ƙawayen Islamiyya, kafin kwana biyu littafin na yawo a zaurukan da marubuciyar ba ta san da su ba, wani ma ya ɗauka ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube ya ci kuɗin tallar da ita ba ta samu ba. Shi ya sa a saman kusan kowane babi na kuɗi za ka tarar da gargaɗi, wani da lallashi, wani da Allah ya isa, ga duk wadda ta karanta ba ta biya ba ko ta fitar da shi waje.